Rundunar Laimomin Delbert

A garinmu Halverton, da an gama girbin masara sanyi ya kankama, kowa sai ya koma kocin ƙwallon kwando. Mai aski koci ne, mai raba wasiƙu koci ne, hatta Fasto Ellery in ya miƙe wa'azi sai ya san yadda ya yi ya cusa maganar tsaron baya. Amma duk waɗannan 'yan koyo ne a gaban Delbert Stuckey, tsohon dillalin irin masara, wanda ya yi imanin cewa da ana jin shawararsa da tuni Kwalejin Halverton ta rasa inda za ta jera kofuna.

Bai taɓa buga wasan ba. Shi dai ya ce gwiwa ce ta cuce shi tun yana sakandare. Waɗanda suka yi aji ɗaya da shi kuwa sun ce gwiwar lafiyarta ƙalau, tsawo ne babu, kuma in ƙwallo ta doso shi runtse ido yake yi.

Abin da yake da shi wanda ba mai ja, kujera ce. Layin farko, daidai bayan kwandon gabas, da ɗan farantin tagulla a jikinta mai ɗauke da sunan mahaifinsa. Tsohon ya zauna a kanta har ƙarshen ransa, sannan ta dawo hannun Delbert. Delbert yana son matarsa Lorna, yana son motarsa, amma kujerar nan ce kaɗai yake gogewa da hankici kafin ya zauna. Bara saura kaɗan ya rasa ta, ranar da ya faɗa fili ana tsakiyar wasa yana miƙa wa alƙalin wasa tabaransa wai ya ara masa. Washegari Madam Vandiver, shugabar sashen wasanni, ta kira shi ofis, ba ta ko ce ya zauna ba.

"Mista Stuckey, ƙafarka ta sake taɓa katakon filin nan ana wasa, ni da hannuna zan kwance farantin nan. Ka ji ni da kyau?"

Ya ji. Har ya ce da mutane ta kira shi ne neman shawara.

To, bana aka zo wasan ƙarshe da Kwalejin Brickley, maƙwabtanmu na tsallaken kogi, masu jajayen riguna. Wanda ya ci shi zai tafi gasar watan Maris, wanda aka ci ya zauna gida yana kallon talabijin. Ran Litinin da safe teburin tsakiya a shagon abincin wata mata mai suna Wanda ya cika, kofi na tururi, Delbert ya tattara kwalaben gishiri da barkono ya jera a gabansa.

"Ku dubi nan. Wannan shi ne Tyrell, dogonmu." Ya ɗaga kwalbar gishiri. "Me yake yi a waje? An ba ka yaro kamar falwaya, ka kai shi gefe yana jiran mota? Sannan tsaron nan na Koci Tillman, mutum biyu su bi mutum ɗaya cikin lungu. Sauran fa, ubansu zai tsare su?"

"Ajiye mini Tyrell," in ji Wanda, tana wucewa da faranti. "Akwai masu son sa a ƙwai."

Aka kwashe da dariya. Mutumin da ya fi kowa dariya shi ne Merle Gingerich, yayan Lorna, wanda ya yi karatu a Brickley, kuma tun daga lokacin bai cire jar hula ba sai in zai shiga coci.

"Surukina, ran Asabar ka taho da hankici biyu. Ɗaya na goge kujera, ɗaya na hawaye."

"Kai dai ka yi ta surutu. Matsalarku ku 'yan Brickley, kun ɗauka a fili ake cin wasa."

"A ina ake ci, a kicin?"

"A kan kujeru!" Delbert ya buga tebur har cokula suka yi tsalle. "Mutum biyar ne a fili. Na shida fa? Ga shi zaune a gabanka. Tunda Tillman ya kasa, ni zan ci mana wasan nan, ba tare da na tashi daga inda nake ba."

"Wannan na ƙarshen dai ka riƙe shi da kyau," in ji Wanda.

Shiri irin na Delbert yana buƙatar runduna. Ya fara zuwa wurin ɗalibai, suka saurare shi cikin ladabi, suka ce za su neme shi, bai kai ƙofa ba ya ji dariyarsu. Bai damu ba, ya ce yaran yanzu ba su da horo. Ya nufi ƙungiyar mawaƙan coci da gidan hutun tsofaffi da ke bayan cocin, ya yi alkawarin bas kyauta da gugguru. Ran Laraba da rana sai ga zauren coci cike da furfura, da yawansu rabonsu da kallon wasa tun ana sa gajeren wando mai matse cinya.

Delbert ya hau kan akwati.

"'Yan'uwa, dabara ta farko, ƙidaya. Kun san ɗan wasa idonsa na kan ƙwallo, ba ya samun sukunin duba agogo. In lokacinsa ya kusa ƙarewa, 'yan kallo ke ƙirga masa, shi kuma ya yi sauri ya jefa. To, mu za mu ƙirga wa 'yan Brickley tun da sauran lokaci jingim. Su firgita, su yi jifan banza. Da na ɗaga hannun dama, ku fara daga biyar."

Mis Eudora, tsohuwar mai kaɗa molon coci, ta ɗaga yatsa. "Yaya za mu gane ƙwallon na hannun wa? Ni daga nesa duk yaran kala ɗaya nake ganin su."

"Ba ruwanku da ƙwallo. Ba ruwanku da agogo. Hannuna za ku kalla."

Fasto Ellery ya yi gyaran murya daga baya. "Ɗan'uwa Delbert, wannan ƙidaya ba ƙarya ba ce kuwa?"

"Dabara ce, Fasto."

Fasto ya shafa haɓa. "To, ni dai ban ji komai ba. Amma ku ɗaga murya sosai, zauren can yana cinye sauti."

Dabara ta biyu, laima. Delbert ya bi gida-gida ya aro laimomi, masu fure, masu ratsi, har da wata ƙatuwa ta bakin ruwa. Ya ce in an yi wa ɗan wasa laifi ya tsaya shi kaɗai a layi zai jefa, fuskarsa na kallon su kai tsaye. "Duk wanda kuka ga ya tsaya a layin da ke gabanku, ku buɗe gaba ɗaya, ku yi ta juyawa. Idonsa ya raina fata."

"A cikin ɗaki?" Mis Eudora ta dafe ƙirji. "Buɗe laima ƙarƙashin rufi? Kakata ta taɓa yi, ba a rufa mako ba saniyarta ta faɗi."

"Ai dama masifar muke nema, Mis Eudora. Kan Brickley za ta sauka."

Aka gwada. Laimar farko ta tsige hular wata, ta biyu ta zungure na'urar kunnen tsoho Orrin ta faɗa ƙarƙashin benci, aka yi ta laluba da sanduna. Delbert ya ce da kyau, ruɗanin da ake so ke nan. Sannan ya ja Orrin gefe, ya dafa keken lantarkin da tsohon ke yawo da shi, ya yi ƙasa da murya. Dabara ta uku ke nan. In an busa tashi, jama'a za su kwarara cikin fili kamar yadda aka saba in an ci Brickley, kuma bai kamata a ce wanda ya ci wasan ya tsaya a baya ba.

"Madam Vandiver ƙafa ta ce. Ba ta ce komai a kan taya ba."

"Me ka ce?" in ji Orrin.

"Na ce na gode!"

Ya rantsar da kowa a kan riƙe sirri. Laimomin ma ya kwashe su ya ɓoye a rumbun da ke bayan gidansa ƙarƙashin buhuna, don kada ɗan leƙen asiri, wato Merle, ya gani. Sirrin ya kwana biyu yana cin sa a ciki. Ran Juma'a da tsakar rana, ana shirin nan na rediyo da masu saurare ke bugo waya su zagi koci, sai Lorna ta jiyo muryar mijinta daga wuri biyu, falo da kuma rediyon kicin.

"Ina gaya wa 'yan Brickley su shirya. Gobe in sun ji ana ƙirga musu lokaci, to su sani aikin Delbert Stuckey ne. Ba zan faɗi sauran ba, amma su yi hattara da damina."

Ta fito da ludayi a hannu. "Del, ba kai ka ce sirri ba ne?"

"Tsoro nake sa musu, Lorna. Ba za ki gane ba, yaƙin ƙwaƙwalwa ne."

Rediyon garinmu ana kama shi tas a tsallaken kogi, kuma kocin Brickley ba kurma ba ne. Mutanen da ba su ji shirin ba a duk faɗin yankin su ne 'yan wasanmu, don Koci Tillman ya hana su rediyo da waya duk makon babban wasa, saboda irin su Delbert.

Asabar ta zo da ƙanƙara. Zauren ya cika maƙil, 'yan badujala na ta busa, ɗalibai sun shafe fuska da fenti ruwan ɗorawa. Delbert ya goge kujerarsa, ya zauna, rundunarsa ta jeru a bayansa da barguna a cinya. Rabin farko 'yan Brickley ne ke jefawa a kwandon gabas, a gabansu ke nan, don haka yanzu ne lokacin laima. Ya juya ya ce a raba.

"A raba me?" in ji Lorna.

Sai a lokacin ya tuna da rumbu. Ya yi tsuru-tsuru, sannan ya ce ai da gangan ya bar su don kada a gani a ƙofa. Lorna ta kalle shi irin kallon da ta daɗe tana yi masa, ta ɗauki makullin mota ta fita cikin ƙanƙara.

Aka fara wasa. Da ƙwallo ta shiga hannun ɗan Brickley, wani siririn yaro mai suna Kendrick, Delbert ya ɗaga hannun dama.

"Biyar! Huɗu! Uku!"

Mawaƙan coci ne, don haka har da amshi da daidaita murya. Kendrick ya dube su, ya yi murmushi, ya ɗaga wa Delbert hannu yana ci gaba da buga ƙwallonsa a natse. Da suka kai ɗaya, ya jira kaɗan, ya gyara tsayuwa, ya zura ta daga nesa, maki uku. Can a ɗaya ɓangaren wata jar hula ta tashi sama tana rawa.

"Ya ruɗe," in ji Delbert. "Kun ga yadda yake dariyar tsoro?"

Aka sake, aka sake. Duk ƙidayar da aka yi sai Brickley ta ƙara maki. Da aka ba su jifan layi, babu laima, Mis Eudora ta yi ta kaɗa jakarta, yaron ya zura duka biyun ya ce mata, "Sannu da ƙoƙari, Kaka."

Daga nan rundunar ta fara gunaguni. Maƙogwaro ya bushe, kuma an yi alkawarin gugguru. Delbert ya hango mai tallan guggurun can sama, ya miƙe ya ɗaga hannu yana kiransa. Hannun dama.

"Biyar! Huɗu!"

Ƙwallon kuwa na hannun Tyrell ɗinmu, bai ko ƙetare tsakiyar fili ba, ga lokaci birjik. Amma yaron a gidansu yake, kuma a gida ba a taɓa yi wa na gida ƙidayar ƙarya ba, bare daga bakin tsofaffin cocin da yake gaisarwa duk Lahadi. Ya zaro ido, ya ɗaga ƙwallo ya wurga da iya ƙarfinsa. Ta wuce kwando, ta wuce allo, ta faɗa cikin bakin ƙaton ƙahon ɗan badujala, ƙahon ya yi wani gurnani ya yi shiru. Koci Tillman ya cire kwat ɗinsa ya maka da ƙasa, ya juyo yana neman wanda ya yi wannan aiki. Duk zauren ya taya shi nema, kuma ba a sha wahala ba, don hannun Delbert na nan a sama.

"Gugguru nake kira!" ya ce. Ba wanda ya ji shi sai mai guggurun.

Aka tafi hutun rabin lokaci ana bin mu da maki masu yawa. Delbert ya ruga bakin ƙofar 'yan wasa don ya gaya wa Tillman ya daina tsaron nan na mutum biyu a lungu, mai gadi ya tare shi, suka tsaya gardama. Yana can Lorna ta iso, ƙanƙara har a gira, ta rungumo laimomi. Tsofaffi suka yi ta murna, kowa ya zaɓi tasa. Ba wanda ya tuna musu cewa bayan hutu ana musayar kwando, don wanda ya kamata ya tuna musu shi ne ya ce ba ruwansu da komai sai abin da ke gabansu.

Delbert ya dawo daidai lokacin da aka yi wa Tyrell laifi. Yaron ya zo ya tsaya a layin gabas, ya ja numfashi, ya ɗaga ido. Sai kawai bango guda na furanni da ratsi ya buɗe a fuskarsa yana juyawa, ƙatuwar ta bakin ruwa a tsakiya. Ƙwallo ta bugi gefen allo ta dawo.

"A'a! A'a! Namu ne! Ku rufe!" Delbert ya yi tsalle yana kaɗa hannuwa sama, na hagu da na dama.

"Biyar! Huɗu! Uku!"

Tyrell ya dubi alƙalin wasa, ya dubi laimomi, ya dubi sama kamar mai neman bayani, ya jefa ta biyun ko ƙarfen kwando ba ta taɓa ba.

"Wane irin mutane ne ku!" Delbert ya juya yana huci.

"Abin da ka koya musu suke yi, Del," in ji Lorna. "Ban taɓa ganin ɗalibai masu biyayya irinsu ba."

"Na faɗa maka," in ji Mis Eudora. "Ƙarƙashin rufi."

Madam Vandiver ta sauko da masu gadi biyu, aka tattare laimomin kaf. Sannan ta nufo Delbert. Ta sunkuya ta dubi takalmansa, ta auna tazararsu da layin fili, ta wuce. Shi kuwa ya zauna, ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne.

Abin haushi, tun daga wannan lokacin yaranmu suka farfaɗo. Da aka bar su suka yi abin da kocinsu ya koya musu, sai ga maki na shigowa. Tyrell ya tsaya a wajen nan da Delbert ya ce yana jiran mota, ya yi ta zura su daga nesa. Tsaron mutum biyu a lungu ya ƙwace ƙwallo har sau nawa. Zaure ya ɗauki ihu, jar hular Merle ta koma kan gwiwarsa. Ana dab da tashi muka wuce su da maki ɗaya tak, ƙwallo a hannun Brickley, can a kwandon yamma.

Delbert ya ga ana shirin cin wasa ba da shi ba, abin ya tsaya masa a rai. Ya lallaɓa ya ɗaga Orrin ya zaunar da shi a kujerar mahaifinsa, wadda ko Lorna bai taɓa bari ta zauna ba, shi kuma ya haye keken lantarki ya saita hancinsa da fili.

Lorna ta riƙo rigarsa. "Del, ci muke yi. Don girman Allah, kada ka taimaka."

"Yanzu ne fa lokacinta, Lorna. Yanzu za su faɗa."

Yaranmu biyu sun riga sun matse Kendrick a lungu, ba gaba ba baya, agogo na ci masa. Ba abin da ake buƙata sai a yi shiru a bar lokaci ya yi aikinsa. Delbert ya ɗaga hannun dama.

"Biyar!"

Wannan karon ɗalibai suka ga abin ya yi daidai, suka kama. "Huɗu!" Rabin zaure. "Uku!" Zaure duka, har da Fasto Ellery tsaye a kan kujera. Delbert bai taɓa jin abu mai daɗi irin wannan ba. Dubban mutane na bin hannunsa. Ƙirjinsa ya cika, idonsa ya kawo ruwa, ya tuna da mahaifinsa. "Biyu!" Gasar Maris ce ke nan tafe. "Ɗaya!"

Kendrick bai ruɗu ba, ya ji rediyo. Yaranmu ba su ruɗu ba, sun riga sun sha sau biyu. Alƙalin wasa bai ruɗu ba, agogo na gabansa da sauran lokaci a kai. Mutum ɗaya ne a duk zauren ya gaskata ƙidayar nan har zuciyarsa, ya manta da wanda ya ƙirƙiro ta.

"Mun ci!" Delbert ya kurma ihu, ya murɗa hannun keke.

Keken Orrin ba a san shi da gudu ba, amma katakon fili sumul yake. Ya shiga da shi tsakiya, hula ta tashi, usur na ta tsagawa.

"Ina birkin?"

"Saki hannun kawai!" in ji Orrin.

Delbert ya ƙara damƙewa. Alƙalin wasa ya yi tsalle gefe, Koci Tillman ya tsaya baki buɗe, keke ya ratsa filin nan tun daga gabas har yamma, ya je ya rungumi teburin da aka ɗora garwar ruwan 'yan wasa. Tebur ya kife, garwa ta kife, Delbert ya zube rub da ciki, ruwan sanyi na bin bayansa.

Sai muryar alƙalin wasa: laifin 'yan kallon gida, an katse wasa da sauran lokaci, jifa biyu ga Brickley.

Kendrick, wanda ɗazu ba shi da ko hanyar numfashi, ya taka a hankali zuwa layi, ba mai tsaron sa. Delbert ya ɗago kai daga cikin ruwa.

"Laima! Ku buɗe laima!"

"An ƙwace!" Mis Eudora ta amsa daga can ƙarshen zaure.

Ta farko ta shiga. Ta biyu ta shiga. Ɗan lokacin da ya rage bai ishe mu komai ba, aka busa tashi, na gaskiya. Jajayen riguna suka kwarara cikin filinmu suna tsallake Delbert.

Madam Vandiver ta zo ta tsaya a kansa, ta buɗe jakarta ta zaro sukudireba. Ashe tun bara take yawo da ita.

"Madam, ki duba, a kan taya na shigo..."

"Ƙafa na ce maka, Mista Stuckey. Kai kuma ka kawo mini har haɓa."

Ta ce Orrin ya ɗan gusa, ta kwance farantin a gaban kowa, ta dawo ta sa masa a tafin hannu. Ashe ɗan ƙarami ne, bai kai tafin ba. Delbert ya dubi sunan mahaifinsa, wanda ya gama rayuwarsa a kujerar nan bai taɓa yin abin da ya wuce tafi ba, kunya ta rufe shi. Lorna ta yafa masa rigar sanyinta ta ja shi waje ta ƙofar baya.

Ran Litinin ya zo shagon Wanda, don in bai zo ba an ce ya ɓuya. Ba wanda ya amsa gaisuwarsa. Wanda ta dire masa kofi, ta kwashe gishiri da barkono daga gabansa ta kai wani tebur. Can a kusurwa Koci Tillman na cin ƙwai, bai ɗago ba.

Sai ga Merle, baki har kunne, da jar riga a kafaɗa. Ya tsaya tsakiyar shago don kowa ya ji.

"Surukina, tsofaffin ɗaliban Brickley sun zauna jiya. Mun ce mutumin da ya kai mu gasar Maris bai kamata ya rasa wurin zama ba. Mun ba ka kujera a zaurenmu, layin farko, bayan kwando, har ƙarshen ranka. Da wurin ɗaura farantinka."

Ya shimfiɗa rigar a kan tebur. Delbert ya miƙe, wuyansa ya yi ja kamar rigar.

"Ni? Stuckey? In sa wannan tsumma? Gara in..."

"Mista Stuckey."

Koci Tillman ne. Ya ajiye cokali, ya goge baki, ya tako a hankali ya dafa kafaɗar Delbert. Tun da kocin ya zo garin nan bai taɓa yi wa Delbert magana ba sai yau.

"Ka karɓa. Ni na roƙe ka. Ka je ka zauna musu, kuma kada ka ɓoye musu komai. Duk abin da ka sani, ka ba su."

Sai mai aski ya ce, "Ƙwarai kuwa!" Mai raba wasiƙu ya ce shi zai riƙa kai shi a mota. Fasto Ellery ya ce coci za ta yi masa addu'ar tafiya. Wanda ta dawo da gishiri da barkono da gudu ta jera masa.

Delbert ya dubi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya. Kafaɗunsa suka fara dawowa inda suke. Ya shafa farantin da ke aljihunsa.

"To, tunda koci da kansa ya nemi alfarma." Ya ɗauki rigar ya gwada a ƙirji. "Dama na daɗe ina lura da tsaron bayanku, Merle. Ruɓaɓɓe ne. A haka za ku je Maris?"

Murmushin Merle ya fara tsinkewa. Ya miƙa hannu zai janye rigar. "Ai wasa ne fa, surukina, ba dole sai ka..."

"An riga an bayar a gaban shaidu," in ji Fasto.

Delbert ya zura kai cikin jar riga, ya fito, ya ja kujera kusa da surukinsa, ya ɗaga kwalbar gishiri.

"Zauna ka gani. Wannan shi ne Kendrick. Amma kafin nan, gaya mini, akwai gidan tsofaffi a garinku?"